Alkyabbar Jaka Uku

Jiya ina neman ƙusa a kwalin matattun wayoyi,
a rumfata, bakin kasuwar Dole,
hannuna ya faɗa kan tsohuwar salulata
mai gilashi a tsage kamar ƙasan tafki a bazara.
Na ba ta caji. Ta yi tari, ta farka.
Ga shi a kusurwar allo, bai gusa ba,
ɗan mutumin nan mai dunƙulen hannu da wuta a ƙirji.

Na taɓa shi, ko da na san amsa.
Da'ira ta yi ta juyi kamar akuya a turke,
sannan rubutu ya fito, gajere, ba sallama:
gidan ba kowa.

Can sunana Tsawa.
Nan yaron gyara ne ni, mai ƙaurin dalma a yatsu,
wanda maigida ke aike sayen ƙanƙara.
Can ina tare gada da hannun hagu,
ina jifan dodon ƙarfe da motar haya,
matakina saba'in da huɗu,
kuma kowane mataki barcin dare guda ya ci.

Mu biyar ne.
Zabeiru shi ne Garu, duka a bayansa take ƙarewa.
Mutari mai gudu, shi ke fara mutuwa,
kullum ya ce laifin rezo ne.
Bara'atu na aron wayar yayanta bayan lisha,
ta zaɓi jaruma mai ɓacewa,
ta ce a gida ma aikinta ke nan.
Na biyar ba mu taɓa jin muryarsa ba,
sunansa wasu haruffa kamar sawun kaji.
Ƙarfe ukun dare zai shigo, ya warkar da mu, ya fice.
Malam Shiru muka sa masa.

In kuran ya ɗauke, dala ashirin wajen mai inji.
In rezo ya yi rowa, sai duwatsun Birni,
mu zauna bisa dutse mai sauran zafin rana,
Damagaram na barci a ƙasanmu,
mu muna ceton wani birni da ba shi da rijiya ko ɗaya.

Alkyabba na saya, ja, jaka uku,
kuɗin takalmin salla.
Tana kaɗawa ko babu iska.
Na je idi da silifa, ban ji kunya ba.

Sai sanarwa ta zo: saura kwana sittin.
Sun gode mana, har da hoton fure.
Dodon da muka yi wata huɗu muna sara
ba shi ya ci mu ba.
Wani ne a ɗaki mai sanyi ya duba lissafi,
ya ga ba riba, ya kashe fitila.

Daren ƙarshe ba mu yi yaƙi ba.
Muka jera jarumanmu a dandali, tsaye kawai.
Malam Shiru ya zo da wuri, karo na farko,
ya yi ta zuba mana magani alhali lafiyarmu lau.
Shayin Mutari ya huce a kofi.
Sha biyu ta buga, allo ya yi fari.

Zabeiru na arewa yanzu, wajen haƙar zinariya,
waya sau biyu a shekara.
Mutari na kabu-kabu, har yau gudu, har yau uzuri.
Bara'atu ungozoma ce a Garin Malam,
mun haɗu a layin famfo, ta ce, Tsawa, ina alkyabba?
Muka yi dariya har mai garuwa ya waiwayo.
Malam Shiru, in kana raye, ina gaisuwa.

Mai waya na jira a bakin rumfa, yana duba agogo.
Ƙusar da nake nema tana jikin tsohuwar.
Na juya ta a tafin hannu,
na ce masa ya dawo gobe.